Takardar Mai Sunan Inna

Suleja,
24 ga Fabrairu, 1997

Zuwa ga uwata Uwani, mai sunan Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Malam Bitrus ya jera wasu lambobi a saman takardar nan, ya ce kwanan wata ne. Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, Ƙaramar Sallar da muka yi sati biyu da suka wuce ita ce ta shida tun da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Ikko ta tare a maƙwabtanmu, motoci suka hana tsoho tsallaka titi.

Mu nan lafiya lau. Iyarki Hajara gwiwarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Mangwaron da kika shuka a bayan ɗakin girki ya yi 'ya'ya har reshe ya sunkuya. Ki gaishe da maigidanki Malam Ghali, ki shafa mini kan Abba. In kin rubuta wa ƙanena Yahaya a Bauchi, ki ce wansa yana nan da rai, tunda shi bai tambaya ba.

Takardarki ta iso. Kin san ban yi boko ba, Malam Bitrus mai kula da jarrabawa shi ya karanta mini, shi ne kuma yake riƙe mini alƙalami yanzu kamar kullum. Na ji an ba ki gurbi a makarantar ungozoma a can Gombe, amma sai kin kai musu takardar gama firamare kafin ƙarshen Afrilu, in ba haka ba su ba wata. Da na ji ungozoma sai da na cire hula. Inna ita ta yanke cibiyar rabin mutanen Zuma, ga shi abin ya tsallake mu ya faɗo kanki. Ki kwantar da hankalinki. Shekara talatin da ɗaya ina masinja a makarantar nan, takarda ɗaya ba za ta gagare ni ba.

Sai dai makarantar da kika sani ta sake. Tsofaffin ɗalibai masu aiki a Abuja sun kawo mana akwatuna uku, wai kwamfuta. Ɗaya a ofishin sabuwar Shugaba, Hajiya Ummulkhairi, Bakanuwa ce. Ɗaya gun Malam Bitrus. Ɗaya gun Nwamaka mai buga takardu. Aka huda bango, aka ja waya, aka ɗaure su kamar awaki uku a turke ɗaya. Abin da aka rubuta a wannan sai ya ɓullo a wancan. Jerin darussa, sunayen yara, wa ya zo wa bai zo ba, duk a ciki. Tsofaffin rajistoci ma Nwamaka ta kwashe wata huɗu tana juye su ciki, aka kulle littattafan a kabad. Ni na raɗa wa abin suna Akwatin Tsegumi, don ba a gaya masa magana ya riƙe.

Ranar Alhamis Nwamaka ta ce in sanar da Shugaba malamin aji huɗu ba zai zo ba, matarsa ta haihu. Na ɗaga ƙafa, ko mai wake da shinkafa ban tsaya gaisarwa ba. Ina yin sallama Hajiya ta ce, “Baba, ai na gani, har na tura Malama Zainab ta riƙe ajin.”

Na ce, “To, ranki ya daɗe, me aka haifa?”

Ta duba akwatin, babu wannan a ciki.

Na ce, “Mace, bayan asuba, kuma mai jego tana lafiya.” Na juya abina.

Gobe zan sa su fito da takardarki. Ki ɗauka an gama.

Ɗanki,
Mu'azu Masinja

*

Suleja,
7 ga Maris, 1997

Uwata,

Kada gabanki ya faɗi don kin ga takarda biyu a jere. Kowa lafiya, sai zafi da ya sauko mana gaba ɗaya. Hajara tana gaishe ki.

Akwatin nan maƙaryaci ne. Na kai wa Nwamaka 'yar guntuwar takardar da kika saƙo a cikin ambulan, wadda kika rubuta sunanki. Ta latsa, ta latsa, ta ɗago kai ta ce, “Baba, babu ta.”

Na ce, “Babu wa?”

Ta ce, “Wannan sunan bai taɓa shiga makarantar nan ba.”

Na ce ta ƙara dubawa da kyau, ko tana can ƙasa wasu sun danne ta. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Yarinyar a garin nan aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, amma ladabi sai a hankali. Ta aika wa Malam Bitrus ta wayar, shi ma ya duba nasa, ya leƙo ta taga ya ce babu. Na ce to ina amfanin tambayar ka, ba bakinsu ɗaya ba? Ga shi nan yana rubutawa yana murmushi. Rubuta, Bitrus, ba na tsoron ka.

Ni za a gaya wa ba ki yi makarantar nan ba? Shekarar da aka ce kowane yaro ya shiga boko kyauta, lokacin da ake ta maganar za a karɓe wa garin nan sunansa a ba sabon birni. Ranar Litinin ce, an kwana ana ruwa. Na goyo ki a keke, kina da ɗankwali ruwan ganye, haƙoranki biyu na gaba babu. Marigayi Malam Salisu yana zaune a baranda da rajista, ya ce ki ɗora hannu ta kan kai ki taɓo kunne. Kika taɓo, da ɗan taimakon karkata wuya. A gabanki Chukwuka ɗan mai gyaran agogo, yana kuka. A bayanki Fatima 'yar Diko, tana cin gyaɗa. Ni na faɗi suna da bakina, ni na dangwala yatsa a ƙarshen layi. Duk wannan na zayyana musu. Nwamaka ta ce, “Baba, shi ba ya neman mutum da ɗankwali.”

Na ce a buɗe kabad a fito da littafin. Shugaba ta ce mabuɗin yana gun ma'ajin kwamitin iyaye, shi kuma ya tafi ƙauye sai wani sati. Na kwashi sandata na fita, rannan ƙararrawar tashi ma da fushi na kaɗa ta, yara suka ɗauka gobara ce.

Na gaya miki ne don ki san halin da ake ciki, ba don na kasa ba. Wanda ya zubar da ke a cikin akwatin nan sai ya tsinto ki.

Ɗanki,
Mu'azu

*

Gombe,
15 ga Maris, 1997

Zuwa ga Babana, kuma ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Iya Hajara kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Malam Ghali yana gaishe ka da girmamawa. Abba ya yi mura amma ya warware, yanzu ya koma bin kajin maƙwabta. Takardunka biyu sun iso rana ɗaya. Na karanta ta farko ina dariya, na buɗe ta biyu dariyar ta tsaya.

Baba, kwamfuta ba ta zubar da mutum. Abin da aka ba ta shi take riƙewa. Na kwana ina juya maganarka, inda ka ce kai ka faɗi suna da bakinka. To a nan nake so in yi maka tambaya, kuma kada ka hau kan Malam Bitrus don shi ya karanta. Da wane suna ka rubuta ni?

A makaranta kowa Uwani yake ce mini, har malamai. Na ɗauka sunan gida ne ya biyo ni aji, tunda kai ma kana wurin. Ban taɓa leƙa rajista ba, katin jarrabawa kuma kai kake karɓa ka sa a ƙarƙashin tabarma. Da Baba Yahaya ya ɗauke ni zuwa Bauchi, da hannunsa ya cika takardar sakandare, ya rubuta Sa'ida Yahaya. Duk takarduna haka suke. (Malam Bitrus, in ka zo kan sunan ka tsallake, ka san mutumin naka.)

Na je na tambayi magatakardan makarantar ungozoma. Ya ce sai sunayen sun zo ɗaya, harafi da harafi, don sun sha ganin mai zuwa da takardar 'yar'uwarta. Saboda haka don Allah kada a fitar da ita da wani suna kamar Uwani Mu'azu, ba zai amfane ni da komai ba.

Ka san Malam Ghali ya amince ne da bana, don ƙanwarsa ta zo za ta zauna da Abba. Baɗi za ta yi aure. In na rasa wannan, ban san ranar da zan sake samu ba.

Ka daina faɗa da Nwamaka, aikinta take yi. Uwarka ce ta ce.

Taka,
Uwani

*

Suleja,
26 ga Maris, 1997

Zuwa ga 'yar Yahaya,

Muna lafiya. Da fatan kuna lafiya.

An gan ki. Da Bitrus ya kai kan tambayarki sai ya ajiye takardar ya zuba mini ido ta saman tabarau. Na ce me kake kallo, ba kai ka yi tambayar ba. Na ce dai ku nemo Chukwuka, ku nemo Fatima 'yar Diko, ku duba tsakaninsu. Nwamaka ta latsa. Chukwuka lamba arba'in da ɗaya. Fatima arba'in da uku. Ta karanto ta tsakiya: Uwani Mu'azu. Ga sakamakonki tun daga aji ɗaya, har zangon da kika zo ta biyu saboda ƙyanda. Ta ce, “Baba, ka gani? Ba shi ya yi ƙarya ba.” Na ce ban tambaye ki ba.

To me kike so in ce wa Malam Salisu? Ya ce sunanta, na buɗe baki, sai ga sunan Inna a kan harshena. Tun da aka haife ni ban taɓa faɗin sa ba. Ranar sunanki ma da liman ya ɗaga murya fita na yi duba rago. Yahaya ya yi boko, ya rubuta da alƙalami bakinsa a rufe. Ni ba ni da alƙalami sai baki.

Na ce a gyara. Nwamaka ta rubuta a nata, ya ɓullo gun Bitrus, ya sa hannunsa, ya wuce gun Shugaba. A nan ya cije. Ta kira mu ta ce, “Baba, ban ce kana ƙarya ba. Amma a makarantar da na baro, da canza suna aka kwashe sakamakon wata yarinya aka ba wata. Na yi alkawari ba za a yi a hannuna ba. Wanda ya dangwala a rajista shi zai faɗi sunan gaskiya da bakinsa, a gabanmu mu uku, sannan in latsa.”

Na miƙa mata guntuwar takardarki na ce sunan da ke nan shi ne.

Ta ce, “Ka iya karanta abin da ke ciki?”

Bakanuwa ke nan. Na ce to matata za ta zo ta faɗa. Ta ce ba yatsanta ne a littafi ba. Na dai koma gida na gwada Hajara, ta ce, “Sunan surukata? Ni? Malam, rana ce ta buge ka?” Ta ba ni ruwa.

Yanzu maganar tana rataye a akwatuna ukun nan da wata 'yar jar alama a gefenta. Kullum da safe in na shiga share ofis sai Nwamaka ta juyo mini gilashin ta ce, “Baba, Uwani tana jira.” Har malamin aji huɗu ya ji, har mai wake da shinkafa. Na gaya miki abin tsegumi gare shi.

Saura magana ɗaya. Na sa Bitrus ya maimaita mini wani layi sau uku, ko shi ya ƙara gishiri. Ya rantse haka kika rubuta: sunan Mu'azu ba zai amfane ki da komai ba. To madalla. Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da Hajara. Yahaya ya kawo ki kina shekara huɗu, kika yi takwas a gidana. Malam Salisu ya ce 'yar wa ce, na ce tawa, ban tsaya tunani ba. Ban san laifi na yi ba sai yanzu. A duk garin nan wannan layin kaɗai ne aka rubuta wani da sunana a bayansa. In ya tsone miki ido, za a goge.

Mu'azu Masinja

*

Suleja,
8 ga Afrilu, 1997

'Yar Yahaya,

Lafiya muke. Ba amsa nake nema ba, Hajara ce ta dame ni in ji ko Abba lafiya. An yi ruwan farko ranar Asabar, ya kwashe kwanon ɗakin aji biyar. Kafin in kai labari akwatin ya kai, amma ni na hau na ɗaure. Mangwaro ya nuna, jemagu suna sha tunda mai shi ta yi shiru. An ɗauke wuta kwana biyu, akwatunan suka mutu, na yi ta kai takardu ofis ofis kamar da, har na ji ƙafata ta saki. Da wuta ta dawo na ɗauka jar alamar ta tafi. Tana nan.

Mu'azu

(Uwani, ni ne Bitrus. Sau biyu yake zuwa gidan waya kullum, ya ce wai hanyarsa ce ta bi ta nan. Ki rubuto.)

*

Gombe,
5 ga Afrilu, 1997

Babana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Zan ba wani direban motar wake wannan, ya ce gobe zai bi ta Diko kusa da ku, ya fi gidan waya sauri.

'Yar Yahaya? Ni? Na karanta kan takardar nan na zauna a bakin gado na yi kuka, Abba yana goge mini fuska da rigarsa. Baba, magatakarda nake nufi. A gun magatakarda ne sunan ba zai yi amfani ba. Laifina ne da na rubuta a gaggauce kamar mai cika takardar asibiti. Ka yafe mini.

Ka manta sunan wa Abba ya ci? Ko ka taɓa jin na kira shi da shi? Bari in gaya maka abin da ya same ni ranar Litinin. Na kai shi makarantar yara ta unguwarmu. Malamar ta buɗe littafi ta ce, sunansa? Na buɗe baki, ni da sakandare ɗina, ni da zan zama ungozoma, wallahi abin ya ƙi fita. Ta ce, “Hajiya, ɗanki ne kuwa?” Mata suna layi a bayana suna dariya. Sai da na karɓi biron na rubuta da kaina. A hanyar gida na yi ta tunanin wani mutum a baranda, an kwana ana ruwa, babu biro a hannunsa. Yanzu akwai layi na biyu da sunanka, kuma wannan a gaba yake, ba a baya ba.

Saboda haka ga shawarata. A bar maganar takardar. Ba zan sa ka faɗi abin da ka riƙe shekara saba'in saboda ni ba. Na gaya wa Malam Ghali zan haƙura, in koma ɗinkin da nake yi. Ya ce in jira tukuna, na ce ba abin jira. Ka ce wa Nwamaka ta cire jar alamar, Uwani ta daina jira. Layin nan na arba'in da biyu kuma a bar shi yadda yake, ina son sa.

A ajiye mini mangwaro ko biyar ne. Barka da Sallah tun kafin ta zo.

'Yarka, kuma uwarka,
Uwani Mu'azu

*

Suleja,
22 ga Afrilu, 1997

Uwata ta kaina,

Barka da Sallah, da fatan an ci nama lafiya. Mu nan lafiya, sai dai ni ragon bana bai yi mini daɗi ba, Hajara ta ce ba laifin ragon ba ne.

Direbanki na wake Allah ya shirye shi. Sai jiya ya kawo takardar, duk ta sha manja. Ya mance ta a aljihun mota, ya je Lakwaja da ita, ya dawo, ya yi Sallah a garinsu. Kwana goma sha shida ina fushi da ke a banza. Bitrus ya karanta, da ya kai kan malamar nan sai muryarsa ta sake, ya ce wai ƙura ce ta shiga masa ido. Ƙura, bayan ruwa uku.

Amma wa ya ce ki haƙura? Wa kika tambaya? Inna da tsakar damina take tsallake rafi, ruwa har ƙirji, don wata tana naƙuda a ƙetare. Ta ji an ce mai sunanta ta ajiye aikin ungozoma ta koma keken ɗinki saboda bakin Mu'azu ya yi nauyi? Da muciya za ta bi ni, ina da furfurata.

Yau da safe Nwamaka ta kawo dabara, kuma Shugaba ta yarda. Ta ce tunda Yahaya da hannu ya yi, ni ma in yi da hannu. Za ta nuna mini maɓallan, in latsa da yatsan da na dangwala, sunan ya fito a akwatuna uku ba tare da na yi magana ba. Na zauna a kujerarta mai juyawa, ta kusa kayar da ni. Ta kama yatsana ta ce nan, nan, sai nan. Wasu ƙwari suka fito a gilashi. Ta ce, “Shi ke nan, Baba, ka rubuta!”

Na ce, “Me na rubuta?”

Ta ce, “Sunan mana.”

Na ce, “Ke kika ce. Ni ban sani ba ko sunan Inna ne ko sunan akuyar Bitrus. Goge.”

Ta ce, “Haba Baba, ka cika wahala!”

Gaskiyar Bakanuwar nan ce tun farko, amma kada ki gaya mata. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kai saƙon da ban san abin da ke cikinsa ba. Ba zan fara a kan Inna ba.

Abu ɗaya akwatin ya yi da na yaba. Na ce a sa sunan Yahaya a bayan naki, shi ya haife ki, haƙƙinsa ne. Sai Nwamaka ta nuna mini ashe akwai wani gurbi a ƙasa, na wanda ya riƙe yaro. Ta ce nan za ta sa Mu'azu Masinja, kuma duk wanda ya kunna, a kowane ofis, zai gani. Na ce to wannan tsegumin ya yi ta yi.

Saura kwana takwas. Ba zan ba gidan waya takardarki ba, ba zan ba direban wake ba. Na tambayi Nwamaka ko wayar akwatin ta kai Gombe, ta ce ko bakin ƙofar makaranta ba ta kai ba. Na ce ashe dai. Wannan wasiƙar Bitrus zai jefa ta yau, mu ga wa zai riga isowa, ni ko ita.

Gobe in na idar da asuba zan hau keke in je Zuma kabarin Inna in yi mata addu'a, in gaya mata uzurina. Daga nan sai makaranta, kafin yara su cika fili. Zan sa farar rigata ta Sallah. Zan sa a rufe ƙofa da taga, su uku su matso kusa, Bitrus ya juyo da kunnensa mai ji. Sau ɗaya zan faɗa. Hajiya ta latsa, ta buga hatimi, in kaɗa musu ƙararrawar shiga aji, in wuce tasha. Hajara ta riga ta ɗaure mangwaro a kwali. Ki ce wa Abba mai sunan yana tafe.

Ɗanki,
Mu'azu Masinja